Abdulsalami da Rakiyar Alhaji Gora

Duk wanda ya san bakin Kasuwar Kwastam ta Yerwa, babban birnin Borno, a shekarun da aka karɓi mulkin kai, ya san Abdulsalami mai wankin hula. Rumfarsa tana daf da gangaren da ake sauka kogin Ngadda, kuma tun daga nesa ake gane ta, saboda hulunan da yake kifawa a kan kututturan icce, jere a rana kamar taron dattawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi fari ya tattare don yawan jiƙa cikin ruwan sabulu. In ya wanke hula sai ya shafe ta da ruwan ƙaro, ta bushe, sa'an nan ya bi ta da bugu har zaren ya ɗauki sheƙi.

A Kano aka haife shi. Mahaifinsa ya taso da iyali da niyyar zuwa Makka ta ƙasa, da suka iso Yerwa ciwon ƙafa ya kama shi, aka ce a huta damina ɗaya, hutun da bai ƙare ba ke nan. Nan Abdulsalami ya girma, ya iya Kanuri irin na kasuwa, ya auri Lauratu 'yar maƙwabtansu. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne, mutumin nan da yake wuni hannunsa cikin ruwa bai taɓa yarda ruwa ya wuce masa gwiwa ba. Yana ƙarami yayansa Musa ya nutse a kududdufi a gabansa, yana tsaye a baki riƙe da rigar Musa. Tun daga ranar, in zai ɗebi ruwan kogi sai ya tsaya a tudu ya miƙa bokiti.

Babban amininsa shi ne Dzarma, malamin makarantar mishan, mutumin kudancin Borno, dogo siriri mai tsaga a gashi, wanda bai taɓa sa hula ba a rayuwarsa. Yadda mai wankin hula ya ƙulla abota da marar hula, wannan ya daɗe yana ba 'yan kasuwa dariya. Kullum in aka tashi makaranta Dzarma zai jingina kekensa a rumfar, ya zauna a kan wani kututture, su buɗe musu. Musu shi ne abincinsu. Sun yi a kan ko jemage tsuntsu ne, sun yi a kan ko raƙumi na iyo, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya ce na yarda ba. Dzarma na kiransa Bakano, shi kuma yana kiran Dzarma Ɗan Dutse, don ƙasarsu ta duwatsu ce.

Damina ɗaya, shekara guda bayan samun mulkin kai, sabon ruwa ya iso Ngadda bayan kogin ya yi watanni yana yashi. Abdulsalami ya dube shi daga rumfa ya ce, "Ka ga wannan ruwa? Shi ne dai wanda ya wuce ta Konduga. Tafiya ya yi ya zo, kamar fatake."

"Ina!" in ji Dzarma. "Wanda ya wuce Konduga tuni yashi ya sha rabinsa, tafkin Alau ya haɗiye saura. Wannan wani ne daban."

"To in ka sa abu a kansa a Konduga, ba zai kawo maka shi Kwastam ba?"

"Ko kusa."

Kafin la'asar sun gama tsara abin da hankali ba zai tsara ba. Za su samu babban gora irin wanda masunta ke hawa, su sake shi a Konduga, su bi shi a ƙasa ta gefen kogi har ya iso bayan kasuwa. Da zarar an sake shi, ba mai taɓa shi da hannu, sai dai da doguwar sanda in ya maƙale, ko in rana ta faɗi a tokare shi cikin ciyawa. In ya iso, Dzarma zai sa hula har ƙarshen ransa. In bai iso ba, Abdulsalami zai zagaya kasuwa kai a buɗe ranar Juma'a.

Da ya faɗa wa Lauratu, sai ta ajiye muciya ta dube shi. "Malam, da girmanka za ka bar sana'a ka tafi rakiyar gora? In mutane suka tambaye ni ina maigida, in ce musu me?"

"Ki ce ya yi tafiya."

"Da wa?"

"Da Malam Dzarma."

"Da gora," in ji ta. Can ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ni ba dariyar mutane ce ta dame ni ba. Kai da ruwa ne."

Ya rantse mata ba zai taka ko bakinsa ba. Rhoda matar Dzarma ta zo gidan da yamma, matan biyu suka zauna suka yi ta jinjina lamarin, daga ƙarshe dai suka haɗa musu guzurin ƙuli-ƙuli da garin gero da tsamiya.

Makaranta na hutu, don haka suka hau motar Bama suka sauka a Konduga. A can suka samu goran, ƙato, sai mutum ya buɗe hannu biyu kafin ya rungume shi. Suka zuba ɗan yashi a cikinsa don kada ya kife. Abdulsalami ya kifa masa wata tsohuwar hula a baki ya ɗaure ta da zare, wai don su riƙa hango shi daga nesa. Dzarma, da ya ga haka, ya fito da baƙin fenti ya zana masa idanu da gashin baki da gemu, ya raɗa masa suna Alhaji Gora. Suka tura shi ruwa, ya yi wani juyi kamar mai sallama da jama'a, ya kama hanya.

Farkon tafiyar daɗi ne da ita. Alhaji Gora ba ya sauri, wani lokaci ya tsaya yana zagaye a wuri ɗaya su zauna su jira shi, wani lokaci ya ɗauki gudu su bi shi suna haki ta cikin gonakin gero, Abdulsalami ya tattare riga, Dzarma na ɗaga sanda yana kiran, "Alhaji, a yi mana haƙuri!" Manoma na dogara fartanya su bi su da kallo. Inda dare ya yi musu sai su roƙi masauki, a ba su zaure, a ba su tuwo, a tambaye su ina za su, su rasa ta inda za su fara.

A tafkin Alau abin ya fara canja fuska. Ruwan wurin faɗi ne da shi, kuma da hantsi iska ta taso ta kwashi goran ta yi gaba da shi har ya ɓace musu bayan wasu dogayen ciyayi. Suna cikin sauri suka ji ihu ya tashi daga ƙauyen masunta da ke gaba, mata na kururuwa, wani na kiran "Kam! Kam!" Abdulsalami ya ƙara sauri, don ya san a Kanuri mutum ake nufi. Sun ɗauka wani ne ya nutse.

Da suka ɓullo, rabin ƙauyen na bakin ruwa. Wani ƙaƙƙarfan masunci mai suna Ba'ana yana tsaye, ruwa na zuba daga jikinsa, gwiwarsa na jini, goran na gabansa a kan yashi yana kallon jama'a da idanun fenti. Ba'ana ne ya yi tsalle ya faɗa don ceton rai, ya yi iyo har ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ya kamo gora. Ba mai dariya a wurin.

Dzarma, da bai jin Kanuri sosai, ya raɗa wa abokinsa, "An taɓa shi da hannu, ka faɗi."

"Rufe bakinka," in ji Abdulsalami. Ya ga abin da Dzarma bai gani ba: samari sun fara zagayowa ta bayansu, wasu da sanduna, wasu da mashin kamun kifi.

Ya yi gaisuwa, "Wushe, wushe." Ba wanda ya amsa. Wata tsohuwa ta nuna goran ta ce tun da aka shiga damina yara ke zawo a garin, ga kuma kifi ya ƙi kamuwa, ashe ga dalili. Wani ya ce baƙi biyu, ɗaya Afuno, wato Bahaushe, ɗaya marar hula, sun sako mutum-mutumi a ruwan da ake sha, me ake jira? Aka fizge sandar daga hannun Dzarma. Wani ya damƙi wuyan rigar Abdulsalami ta baya har maɓalli ya tsinke.

Aka tisa su gaba zuwa gindin wata tsamiya inda Bulama, mai garin, yake zaune. Tsoho ne mai ido ɗaya. Ya sa aka ajiye goran a gabansa, ya girgiza shi da ƙafa. Yashin ciki ya yi ƙara, jama'a suka ja da baya, wata mata ta fashe da salati.

"Me ke ciki?" in ji Bulama.

"Yashi ne, Baba."

"Me ya kawo ku?"

Abdulsalami ya nemi ƙaryar da za ta fi gaskiya kama hankali, bai samu ba. Sai ya faɗi abin yadda yake, da Kanurinsa na kasuwa, tun daga musun rumfa har zuwa batun hula. Yana magana yana jin yadda zancen ke ƙara muni a kunnensa, yana kuma jin numfashin Ba'ana a ƙeyarsa.

Bulama ya sa aka kwance hular, aka zazzage goran a kan tabarma. Aka tona yashin da tsinke, ba laya, ba gashi, ba ƙashi. Ya sa aka zuba ruwa cikin goran aka ɗauraye, aka juye a ƙwarya, ya ce su sha. Abdulsalami ya yi bisimilla ya sha, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙoransa, ya miƙa wa Dzarma shi ma ya sha. Aka zuba musu ido, shiru, ana jiran a ga wanda zai faɗi. Ƙuda na sauka a fuskar Abdulsalami bai iya korarsa ba.

Can Bulama ya ce, "Na ga masu asiri a rayuwata. Ba su kai waɗannan wauta ba. Ku ba su abinsu su bar mana gari." Sa'an nan ya juyo da idonsa ɗaya kan Abdulsalami. "An yi ruwa mai yawa a kudu. Babban ruwan na nan tafe a bayanku. Ku bi tudu."

Aka mai da yashin ciki, aka sake ɗaure hular, Ba'ana da kansa ya ɗauki goran ya wurga shi inda ruwan ke fita daga tafkin ya kama hanyar Yerwa, ya tofar da yawu a gabansu, ya juya.

Da suka yi nisa Abdulsalami ya ce, "Ɗan Dutse, mu koma gida. Na yarda in zagaya kasuwar."

"Bayan mun sha ruwan wankin Alhaji? Ai yanzu ne ma aka fara. Dubi, saura kaɗan." Dzarma ya yi dariya, ya saɓa sandar da aka mayar masa ya yi gaba.

Bayan azahar goran ya maƙale. Kogin ya rabu biyu a wurin, ya bar tsibirin yashi a tsakiya, kuma a kan tsibirin akwai wata ƙatuwar bishiya da ruwan bara ya kayar, rassanta sun miƙa cikin kogi. Cikin rassan nan Alhaji Gora ya shige ya zauna. Reshen ruwan da ke tsakaninsu da tsibirin bai wuce idon sawu ba, ana ganin yashin ƙasa. Dzarma ya tuɓe takalmi ya haye. Abdulsalami ya tsaya, ya tuna rantsuwar da ya yi wa Lauratu, ya tuna maganar Bulama, amma Dzarma ya kira shi ya zo ya riƙe masa ƙugu, don sandar ba ta kai ba. Ya runtse ido ya taka.

Dzarma ya hau gangar bishiyar yana rarrafe, ya miƙa sanda. Icen ya yi gansakuka. Ƙafarsa ta zame ta shige tsakanin rassa biyu, jikinsa ya tafi gefe guda, sai aka ji ƙas, kamar an karya kara. Bai yi ihu nan take ba, sai da ya dubi ƙafar ya ga inda ta lanƙwashe.

Abdulsalami bai san yadda ya fito da shi ba. Ya dai samu kansa yana jan Dzarma ta hammata zuwa kan yashi, Dzarma na kiran sunan uwarsa da yarensu. Abdulsalami ya yage gefen rigarsa, ya karya sandar biyu, ya ɗaure ƙafar yadda ya taɓa ganin maɗori na yi. Duk wannan ya ɗauki lokaci, kuma bai ɗaga kai ba sai da ya ji sautin kogin ya canja.

Wurin da suka taka suka haye ya ɓace. Ruwa ne ja, mai kumfa, yana tafe da kara da tarkacen bukkoki, yana gudu kamar an kore shi. Takalman Dzarma da suka bari a gaɓa sun tafi. Abdulsalami ya kafa tsinke a bakin ruwan don ya gani ko yana ƙaruwa, kafin ya juya ya dawo ruwan ya shanye tsinken.

Ya yi kira har muryarsa ta dishe. Ba gona a kusa, ba kowa, sai tsuntsaye. Tururuwa suka fara fitowa daga yashi suna hawa bishiyar a jere.

"Bakano," in ji Dzarma, haƙoransa na haɗuwa, "ni na iya iyo amma ba ƙafa. Kai kana da ƙafa. Ɗauki goran."

"Kai za ka hau, in tura ka."

"In ya juya da ni ba zan iya riƙewa ba, ina jin jiri. Ka je ka kira mutane."

"Ka san ni da ruwa."

"Na sani."

Abdulsalami ya cicciɓi Dzarma ya ɗora shi a kan reshe mafi tsayi da zai iya kaiwa, Dzarma ya cije hannun rigarsa don kada ya yi ƙara. Abdulsalami ya tuɓe babbar rigarsa ya murɗe ta, ya ɗaure abokinsa da reshen ta ƙirji, ya ƙulla, ya sake ƙullawa. Lokacin ruwa ya fara lasar ƙafafunsa a kan tsibirin kansa.

Ya jawo goran, ya fizge hular ya yar, ya zubar da yashin. Ya kwanta da ciki a kan bakinsa kamar yadda ya ga masuntan Alau na yi. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya wuce, ya kai cinya, sanyinsa ya hau har ƙirji. Ya ga rigar Musa a hannunsa kamar yau. Ya ce, "La'ilaha illallahu," ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa.

Kogin ya fizge shi. Goran ya juya da shi sau ba adadi, sama ta zama ƙasa, ya sha ruwa ta hanci, ya ƙanƙame. Wani kututture ya daki haƙarƙarinsa ya wuce. Ya tuna masuntan da hannu suke tuƙi, amma ya kasa sakin goran, sai ya riƙa harba ƙafafu kawai kamar kwaɗo. Da ya waiga, bishiyar ta yi nisa, Dzarma ya zama ɗan farin ɗigo. Ya saki hannu ɗaya, ya fara jan ruwa zuwa gefe, yana ja yana kuka, yana ja yana salati. A wata kwana ruwan ya watsa shi cikin ƙayar gaɓa, ya damƙi reshe ƙayoyin suka shige tafinsa, bai saki ba.

Da ya hau tudu ya yi amai. Sa'an nan ya tsaya ya yi tunani. Yerwa na gaba amma bai san nisanta ba, kuma mutanen da zai tarar a hanya manoma ne, ba masu shiga irin wannan ruwa ba. Waɗanda suka iya suna baya, su ne mutanen da suka kore su da safe. Ya ɗauki goran a ka ya juya baya da gudu.

Ya wuce daidai tsibirin, ya hango yashin ya rage kamar faɗin tabarma. Ya ɗaga hannu, bai ga an ɗaga masa ba. Bai tsaya ba. Ba takalmi, ba hula, daga shi sai wando da 'yar shara, jini da laka sun rufe shi. Wasu mata masu itace da suka gan shi suka watsar da kaya suka shige gero.

Rana ta karkata sosai lokacin da ya faɗo ƙauyen. Mutum na farko da ya tarar shi ne Ba'ana, yana gyaran koma a bakin ruwa. Ba'ana ya miƙe, ya ɗauki mashinsa.

Abdulsalami ya ajiye goran ya durƙusa. Kanurin duk ya gudu daga kansa, sai Hausa ke fita. "Ya Ba'ana, abokina. Ƙafarsa ta karye. Yana kan icce a tsakiyar ruwa. Don Allah."

"Da safe ma mutum na gani a ruwa," in ji Ba'ana da Hausarsa mai nauyi.

"Wannan mutum ne. Yana da mata da 'ya'ya."

Ba'ana ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya dubi tafin hannunsa da ƙayoyi ke ciki. "Kai ka haye da wannan?"

"Ni ne."

"Ka iya ruwa?"

"Ban iya ba."

Ba'ana ya juya ya ƙwala kira. Maza uku suka fito da goruna da igiya da wani dogon icce, suka kama hanya da sassarfa, Abdulsalami na biye yana faɗuwa yana tashi.

Da suka isa babu tsibiri. Ruwa ne shimfiɗe daga gaɓa zuwa gaɓa, sai 'yan rassa da suka leƙo, suna rawa. Abdulsalami ya duba bai ga komai ba. Sai Ba'ana ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Ta cikin ƙugin ruwan wata siririyar murya na fitowa, Dzarma ne yake rera waƙar coci da yarensu, yana yankewa yana ci gaba. Ruwan ya kai masa ƙirji.

Masuntan suka ɗaure gora biyu a bakin icen nan, ɗaya a kowane gefe, suka ɗaura masa igiya. Suka haura sama da wurin sosai kafin su shiga, don ruwan ya gangaro da su. Karon farko ya wuce da su ta gefe, suka fita can ƙasa suka sake zagayowa. Karo na biyu Ba'ana ya cafki reshe, ya maƙale, ya sa wuƙa ya yanke rigar, don ƙullin Abdulsalami ya ƙi kwantuwa. Suka kwantar da Dzarma a kan icen tsakanin gorunan, waɗanda ke gaɓa suka ja igiya, Abdulsalami a cikinsu, igiyar na ƙara tura masa ƙaya cikin tafi.

Da aka shimfiɗe shi a ƙasa leɓunansa sun yi fari. Ya buɗe ido ya ga abokinsa, ya ce da ƙyar, "Akwai maciji a reshen da ke sama da ni. Tun tafiyarka muke kallon juna." Sa'an nan ya suma.

Maɗorin ƙauyen ya gyara ƙafar, Bulama ya ba su ɗaki, tsohuwar nan da ta fara zarginsu ita ta riƙa kawo kunu. Aka aika Yerwa, Rhoda ta zo a motar itace tare da Lauratu. Lauratu ta zauna kusa da mijinta ta ɗauki allura ta shiga cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, tana yi hawaye na ɗiga a hannunsa. Goran kuwa Ba'ana aka bar wa. Da Dzarma ya farfaɗo har ya fara cewa ai an taɓa da hannu, Rhoda ta ce in ta sake jin zancen hula ko rashin hula a bakin ɗayansu, ɗaya ƙafar ma za ta karye. Musun hula bai sake tashi ba.

Ƙafar ta warke amma ta gajarce, Dzarma ya koma tafiya da sanda, keke kuma sai ya sayar. A watannin da ya yi kwance ya rubuta labarin tafiyar da Hausar boko, wani mai buga takardu a Jos ya buga masa shi ɗan ƙaramin littafi. Littafin ban dariya ne daga farko har ƙarshe. Akwai Alhaji Gora da taƙamarsa, akwai shan ruwan wanki a gaban Bulama, akwai Bakano a kan gora yana harbin ruwa kamar kwaɗo. Malaman makaranta da akawuna suka yi ta karɓa hannu da hannu, ana karanta wa waɗanda ba su iya ba a bakin kasuwa, ana riƙe ciki. Kafin wani lokaci yara da manya sun koma kiran mai wankin hula Abdu Gora.

Abin ya yi wa Abdulsalami ciwo. Shi har lokacin in ya rufe ido yana ganin jan ruwan nan, kuma ya daina ɗiban ruwan kogi sam, sai ya sa 'yan garuwa su kawo masa. Da Dzarma ya zo rumfa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice ya ci gaba da bugun hula. Haka suka yi makonni.

Ran nan Dzarma ya zo ya zauna a kan kututturensa ya ƙi tashi. "Bakano, faɗa mini laifina."

"Ka mai da ni abin dariya. A littafinka ina ruwan da ya kai maka ƙirji? Ina macijin?"

Dzarma ya jingina sandarsa. "Na gwada. Sau da yawa na zauna zan rubuta wurin nan, in na kai inda ka ɗaga ƙafafunka daga ƙasa sai in ji ɗakin na juyawa. Wurin kwaɗon kaɗai hannuna ya yarda ya rubuta."

Abdulsalami ya ci gaba da bugu. Can ya ce, "Kuma ba kamar kwaɗo na yi ba."

"Ni da nake sama ina kallo?"

"Kai da kake suma?"

Wanda ke rumfar kusa ya ce ran nan sai da aka kira magariba suna abu ɗaya.

Bayan 'yan shekaru mishan ta mai da Dzarma wata makaranta a ƙasarsu, can wajen Biu. Abdulsalami ne ya ɗaure masa kaya, ya ɗauki akwatin littattafansa a ka har tashar mota, ya yi faɗa da kwandasta sai da aka ba Dzarma kujerar gaba saboda ƙafar. Lauratu ta ba Rhoda turaren wuta da daddawa a ƙunshi. Da direba ya ta da mota, Dzarma ya leƙo ta taga ya dubi gabas ya ce hadarin nan ba zai zubar ba. Abdulsalami ya ce kafin su kai Damboa zai jiƙa su sharkaf. Motar ta fara tafiya yana biye da ita a gefe yana kawo hujja, har ta fita daga tasha ta hau titi.

Ya ci gaba da wankin hula a wurin nan har idonsa ya raunana, ya bar wa surukinsa rumfar. Sau biyu ya je Biu, Dzarma ma yakan zo in an yi hutu, ya sauka a gidansa. Duk shekara kuma in kifi ya yi yawa a Alau, Ba'ana kan shigo kasuwa da kayansa, ya biya ta rumfar ya ajiye ƙunshin busasshiyar tarwaɗa, ya miƙa hularsa a wanke masa, ya zauna kai a buɗe yana jira ta bushe.